Ka Jira Ta Mutu: Tafiyarmu Pankshin da Ɗaki-da-Falo

Mun tashi da asubar ranar Juma'a, ko in ce ni ne na tashi da asuba, don sauran abokan tafiyar tun kafin ladan ya gyara murya suke a shirye. Ana sallamewa a masallacin layinmu na Fagge na saɓa jaka. Hajiya ta biyo ni har zaure da kwanon dambun nama da gargaɗi guda ɗaya, wai in rage surutu a hanya tunda marar lafiya zan ɗauka. Na ce mata ni ba na surutu, bayani nake yi. Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, ni kuwa har na kai bakin titi. An kwana ana ruwa, kwatocin Fagge sun cika sun yi kyauta, haka na riƙa tsallake su da babbar riga a kafaɗa har na samu ɗan adaidaitan da ya sauke ni Sabon Gari.

Bari in gabatar muku da mai tafiyar, don ni direba ne kawai. Akwai wani dattijon bakanike a Sabon Gari, Ibo ne amma a nan aka binne cibiyarsa, kowa Masta yake ce masa. Shekara ashirin da ɗoriya, duk motar da ta taɓa kawo mini dilar atamfa Kantin Kwari sai da ta bi ta hannunsa. Mutum ne da in babbar mota ta wuce bakin garejinsa yana cin abinci, ba zai ɗaga kai ba zai ce nozul na uku a injinta ya toshe, in aka buɗe kuwa na ukun ne. Hausarsa ta fi tawa, ya sha gyara mini magana a gaban masu ciniki. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge shi, ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya karkace masa baki. Maganar tana nan a kansa daram, fitowarta ce aiki. Abin da ya fi ba ni dariya, Allah ya yafe mini, ciwon ya mai da shi Basakkwace rana tsaka: fura ta koma hura, fitila ta koma hitila. Ni kuma da ban iya jiran ƙarshen maganar mai lafiya ba ma, sai na naɗa kaina tafintansa. Da ya ce "ru…" zan daka tsawa a kawo ruwa. Sau da yawa ba ruwan yake nufi ba, amma yakan sha.

Autarsa ma'aikaciyar jinya ce a Pankshin, can ta samu miji, malamin makaranta ɗan garin. An gama na al'ada a Sabon Gari, saura na coci, ranar Asabar ƙarfe goma. A wajensu uba ne ke riƙo hannun 'yarsa tun daga ƙofa, ya taka da ita har gaban limamin coci, a tambaye shi ko shi ya bayar, ya amsa da bakinsa. Likita ya ce Masta ba zai iya zaman mota na tsawon wuni ba. Dangi suka zauna a falonsa, a gabansa, suka yanke cewa ƙaninsa ya tsaya masa. Babu wanda ya tambaye shi. Kwana biyu ya ƙi cin abinci. A na uku Madam, matarsa, ta fito ta gan shi da sanda yana jan ƙafa daga ƙofar gida zuwa gindin bishiyar da ke tsallaken layi. Ranar taku shida ya yi ya zube. Kafin wata huɗu yana yin arba'in cif, wato daga ƙofa har jikin motar da ke ajiye a gindin bishiyar.

Motar nan duk Sabon Gari an san ta, Ɗaki-da-Falo ake ce mata. Tsohuwar mota ce ta Turawa masu yawon buɗe ido, 'yar Baljiyam, mai injin gas. Akwai gado a ciki, da murhu, da firij, da wani banɗaki wanda in ka shiga sai ka fito kafin ka canja shawara. Masta ya saye ta da daɗewa, ya ce in ya ajiye sifana zai zaga ƙasa da Madam. Bai ajiye ba sai da ciwo ya ƙwace. Kajin layin sun yi zuri'a bakwai a ƙarƙashinta. To ga gado, ga hanya, ga uban amarya da ya ƙi sallamawa. Mutumin da ya gaji garejinsa ya yi wata guda yana farfaɗo da ita, amma matarsa na kan gwiwa, ba zai iya barin gari ba. Sai na ce ga ni. Na taɓa kai motar kaya ƙirar kanta har Kwatano ina saurayi, kuma duk shekara tafiyar tana ƙara tsawo in ina ba da labarinta.

Da na iso na tarar da motar tana gurnani, magajin garejin ya riga ya tayar da ita. Ya leƙo ta taga ya fara yi mini wani bayani a kan makulli. Na ce masa tun kafin a yaye shi nake tuƙi. Ya yi shiru. Ku riƙe wannan shirun, za mu dawo kansa.

Muka kwantar da Masta a gado, Madam ta zauna gefensa da kulolin abinci da za su ciyar da gidan suna, muka ɗaga. A Titin Ibrahim Taiwo 'yan adaidaita suka yi mana rakiya kamar mun ci zaɓe. Ɗaya ya jero da ni ya ce, "Alhaji, asibiti ce ko gidan haya?" Na ce gidan haya ne, saura ɗaki ɗaya, amma ba ma ba gwauro. A gidan mai kuwa dariyar ta ɗauke. Abin da tankin nan ya sha na gas, da a shekarar da na yi aure ne, da ya haɗa mini lefe har da na sallamar 'yan kai amarya.

Kwanar Dangora muka karya. Mai shayin wurin ya zuba mini madara kamar yana ba ta haƙuri, amma ƙosan matar da ke gefensa ya biya bashin kunya, zafi ƙwal, yaji har kunne. Daga Tudun Wada zuwa dajin Falgore damina ta yi aikinta, ko'ina kore shar, masara ta fi ni tsawo, shanu sun yi ƙiba har suna tafiyar 'yan kasuwa. Hanyar ce dai sai addu'a. Akwai ramin da na shiga, na rantse sai da na ga rana ta sake fitowa kafin na fito. A wani shinge jami'i ya shigo ya zaga cikin motar, ya buɗe firij, ya leƙa banɗaki, sannan ya ce shi bai san me zai tambaya ba, lasin ko takardar fili. Ya gaida Masta da girmamawa, ya ce Allah ya kai mu lafiya.

Duk inda muka tsaya, ina murɗa makulli take kamawa, ko tari ba ta yi. Na lura da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban sitiyari, mai siffar maganin sauro na nadi, tana ƙyaftawa in na murɗa. Na ɗauka kwalliya ce irin ta Turawa. Ina kuma jin Masta yana ƙwanƙwasa sanda daga baya duk sanda na tayar, na riƙa cewa, "Yi haƙuri Masta, zan kauce wa ramukan."

A Saminaka na sauka na yi Juma'a, na dawo musu da gasasshiyar masara. Muna fara hawan Jengre iska ta canja hali. Kafin Jos na rufe gilashi, kafin Bukur na mai da babbar riga jikina. Ƙasar nan duwatsunta kamar wani ne ya ɗora su da hannu ya ce yana dawowa. Bakin hanya kuwa kabeji da karas da dankalin Turawa tsibi-tsibi, farashin da aka faɗa mini sai da na sake tambaya ko na kwando ne ko na hoton kwandon. Na yi niyyar in na dawo Kano in bi ta Yankaba in ga idon masu gwari.

Ba mu shiga Pankshin ranar ba, don gidan biki ya cika, Masta kuma ya jigata. Bayan Mangu muka saki kwalta muka gangara wani kwari, gonar tsohon abokinsa, direban tirela da ya yi ritaya ya koma noman dankali. Daga nan zuwa cocin tafiyar awa guda ce, rabinta laka. Dattijon ya tarbe mu da gwaten acca mai zafi, ya ware mini tukunyata daban, ya nuna mini gabas tun ban tambaya ba. Kwanan da na yi ba abin da zan ce a kai, illa na lulluɓa da bargo biyu da babbar riga da dardumar sallah, kuma duk da haka na yi mafarkin ina cikin firij.

Da safe ruwan alwala ya yanka ni kamar reza. Hazo da yayyafi sun rufe kwarin, ba ka ganin ƙarshen gonar. Ƙarfe bakwai da rabi Madam ta fito da ɗaurin kai mai faɗin tauraron ɗan'adam, cikin ankon da ni na zaɓo da hannuna a Kwari. An shirya Masta cikin rigarsu mai zanen kan zaki, an goge masa takalmi har yana ɗaukar ido, an kwantar da shi a gadonsa da sandarsa a ƙirji. Lissafinmu mu tashi takwas, mu isa tara, ya huta awa guda kafin taku arba'in ɗinsa.

Na hau, na kunna fitilun gaba saboda duhun hazo, na kunna rediyo don a ji daɗin tafiya, na yi bisimilla na murɗa. Gur-gur-gur-gur. Shiru. Na ce sanyi ne, ko ni sai da aka kira ni sau biyu. Na taka totur har ƙasa na sake murɗawa, na riƙe makullin kamar ina matse wuyan ɓarawo. Wani farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas ya fito daga salansa, ban da shi ba abin da ya fito. Na uku, na huɗu, na biyar. A na shida muryar ta canja, ta koma gurr… gurr… kamar tsoho yana juyi a tabarma. Ko ni da ba bakanike ba na san batir ne yake sallama.

Mai masaukinmu ya kirawo manoma biyar daga gonakin gefe, aka ce a tura. Ɗaki-da-Falo ta kwana tayoyinta cikin laka, ga nauyin gida guda. Suka yi kukan kura, suka yi nishi, motar ta motsa taku ɗaya, shi ma baya. Na hau kan wani dutse ina neman magajin gareji a waya, layin ya ƙi shiga. Na dawo na tarar ɗaya daga cikin manoman ya zo da fetur a gora, wai a ɗiga mata a hanci, haka ake yi wa injin ban ruwa. Kafin ya buɗe murfin gorar, sandar Masta ta daki bangon motar da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

Na leƙa baya. Ya ɗago kai daga matashi, idonsa jajir, a kaina.

"Hita!"

Na ce, "Na'am?"

"Hita! Hita!"

Jama'a, mutumin da fura ta zama masa hura, in ya dube ka ya ce hita, me za ka ji? Na ce, "Ni, Masta? Ni zan fita? Bayan shekara ashirin da biyar?" Ya sake faɗa, har da nuna gaban motar da sanda, wajen ƙofar direba. Na sauko, na je gindin wata bishiyar fiya na tsaya cikin yayyafi, na juya wa motar baya kamar ɗan da aka hana nama. Ina ta lissafa alherina a zuci, har da masarar Saminaka.

Madam ce ta biyo ni tana tattare zani. Ta ce, "Haba Alhaji, ba korar ka yake ba. Sanyi yake ji. Hita yake so, a dafa masa ruwa." Ta zaro 'yar hitarta daga jaka, irin mai murɗaɗɗen ƙarfen nan da ake tsomawa a bokiti, wadda ba ta zuwa ko'ina ba da ita ba. Aka yi sa'a akwai wuta. Aka tafasa ruwa bokiti guda, aka haɗa shayi mai kauri, aka kai masa har baki. Ya kau da kai. Aka matsa, ya ture kofin ya zube a kan bargo.

Tara saura kwata wayar mai masaukinmu, wadda ita kaɗai ta san hanyar sama a kwarin nan, ta yi ƙara. Amarya ce. Madam ta karɓa ta ce muna hanya. Da ta ajiye ta jawo ni bakin ƙofar motar, ta rage murya ta ce ƙaramar mota ba za ta iya gangaro lakar nan ba, shi kuma ba zai iya hawa acaɓa ba. In abin ya ƙi, ita ta hau acaɓa ta tafi, ƙaninsa ya tsaya masa kamar yadda aka tsara tun farko, ni in zauna da shi. Na ce to, hakan ma dabara ce. Muna maganar nan a kansa muke tsaye, kamar yadda dangi suka yi a falonsa.

Na waiwaya na ga hawaye yana gangarowa ta gefen fuskar da ba ta motsi, yana shiga kunnensa, ga takalmin nan da aka goge yana ta ƙyalli a ƙarshen gado. Ban taɓa ganin Masta ya yi kuka ba, ko ranar da injin tirela ya faɗo masa a yatsa zagi ya yi da yare uku.

Na hau na zauna a bakin gadon. Ya ɗaga hannun hagu ya kai jikin gilashin taga da ya yi gumi, ya zana wani abu da yatsa, nadi biyu kamar igiya.

Na ce, "Maganin sauro?"

Ya rufe ido kamar mai roƙon Allah ya ɗauki ɗayanmu. A nan ne, karo na farko tun da aka yanke mini cibiya, na cire hulata na toshe bakina da ita.

"Ka…"

Kalma goma suka taso mini. Ka tura, ka sauka, ka kira, ka bari. Na danne hular.

"Ka… ji… jira."

Ana jin ɗigar ruwa a kan rufin motar. Jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ta… mutu."

Madam ta dafe ƙirji. Ni kuma na zare hular na ce a hankali, "Wa, Masta? Wa za ta mutu?"

"Hi… hitila."

Ya nuna zanen, ya nuna gaban mota. Sai 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa ta faɗo mini a rai, da ƙwanƙwasar sandar da na sha ji tun daga Kwanar Dangora, da shirun magajin gareji. Ba fita ba ce, ba ta bokiti ba ce. Hitar inji yake nufi.

Ga abin da ban sani ba, wanda kuma aka so gaya mini a Sabon Gari na hana. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur, da zafin matsi yake kunna mansa. In ya kwana cikin sanyi, akwai wasu 'yan ƙarafa a cikinsa, su ne hita, da ke yin ja su ɗumama masa ciki. In ka murɗa makulli rabi suna fara aiki, fitilar nan ta kama. Sai ta mutu ake tayarwa. Mu a Kano rana ta ɗauke mana wannan aikin, har mun manta akwai shi. Mai masaukinmu ma ya dafe kai, ya ce shi tirelolin da ya ja ba su da wannan shagwaɓar.

Mu uku muka ciccibo Masta muka zaunar da shi a kujerar gaba. Daga nan gareji ya buɗe. Bai ƙara cewa komai ba, yatsa kawai. Ya nuna fitilun gaba, na kashe. Ya nuna rediyo, na kashe, ina jin kunya don har lokacin wani yana ta yi mana tallan taki. Ya nuna bokitin Madam da tawul, ya nuna bonet, aka jiƙa tawul da ruwan zafin aka shimfiɗa a kan bututun gas, aka yi ta sakewa. Ashe ruwan shayin bai tafi a banza ba. Ya ɗaga tafin hannu, wato a bar batir ya huta. Muka zauna muna kallon agogo yana cin tara da kwata. Sannan ya daki gwiwata ta dama, na janye ƙafa daga totur. Ya nuna ta hagu, na danne kuloci.

Na kai hannu ga makulli, ya riga ni. Daga inda yake zaune, hannunsa na hagu, mai lafiyar, shi ne daidai wurin. Na janye nawa.

Ya murɗa rabi. Fitilar ta kama. Ba ta fi 'yan daƙiƙu ba, amma a cikinsu na tuna duk wanda na taɓa katse wa magana, kuma layin ya kai daga Fagge har Wudil. Ta mutu, wani abu ya ce ƙyat a ƙarƙashin sitiyari. Na ce, "Yanzu!" Ko kallona bai yi ba. Ya mai da makullin baya, ya sake murɗa rabi, ya sake jira. Ya yi na uku, kansa a karkace, yana sauraro kamar likita. Sannan ya murɗa gaba ɗaya.

Gurr… gurr… Ta yi tari. Ta yi wani. Duk gidan ya girgiza, kofuna suka yi ta kaɗawa a kabad, hayaƙi ya turnuƙe gonar dankali, sai ga gurnanin nan ya daidaita. Manoma suka ɗau ihu, Madam ta fara waƙar coci tana juyi da ɗaurin kanta. Ƙafata ta zarce totur don in ba ta wuta, na sha mari a gwiwa. Sai da ya bar ta ta yi ɗumi don kanta, sannan ya nuna hanya da haɓa. Bai yarda a mai da shi gado ba. Ya yi awa gudan nan a zaune, yana nuna mini inda zan sa taya a cikin laka, kuma ko sau ɗaya ba mu kafe ba.

Goma da rabi muka isa. Cocin ya cika, ƙaninsa na tsaye a bakin ƙofa da fararen safar hannu, amarya kuwa tana cikin motarta ta kulle, an yi lallashin duniya ta ce ba inda za ta sai ta ga Ɗaki-da-Falo. Da ta hango mu ta fito a guje da farar rigarta, mata uku na bin ta da jelar. Ba zan ba da labarin rungumar ba, don ni a lokacin wani abu ya faɗa mini a ido.

Na tsaya daga bakin ƙofa ina leƙe. Sanda a hagu, 'yarsa ta riƙe hannun da ba ya motsi, suka fara takawa. Ina ƙirgawa a zuci. Sai na gane abin da ba wanda ya auna: cocin nan ya fi layinsu na Sabon Gari tsawo. A taku na arba'in cif Masta ya tsaya, saura kusan goma, ƙafar tana rawa, kansa a sunkuye. Mai kiɗa ya rikice. Wasu maza biyu suka taso da kujera za su ɗauke shi.

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. "Ku bar shi! Hita ce!"

Coci guda ya juyo yana kallon wani Alhaji da babbar riga mai laka har gwiwa. Ba wanda ya gane sai Madam, wadda dariya da kuka suka haɗe mata har ɗaurin kanta ya karkace. Amma masu kujerar sun tsaya. Aka jira. Can sai sandar ta ɗaga, ta sauka gaba. Da limamin ya tambayi wanda ya bayar da amarya, an daɗe ana sauraron tsit kafin amsar ta fito, kalma biyu da Turanci, kuma babu wanda ya taya shi ko harafi.

An ci an sha. An cika mini faranti da shinkafa da kazar da aka ce musulmi ne ya yanka don ni, dangin ango suka yi ta zuwa kallon banɗakin motarmu layi-layi. Ran Lahadi da hantsi muka juyo, bayan na jira fitila ta mutu sau uku ina harɗe da hannu kamar ɗalibin kirki. Muka cika falon da dankali da kabeji har Madam ta rasa wurin ƙafa. Masta ya yi barci tun daga Jengre har Kwanar Dangora, yana minshari daidai da injin. Da la'asar sakaliya muka mai da Ɗaki-da-Falo gindin bishiyarta, kaji suka fito tarbar gidansu. Magajin gareji ya zo, an samu 'ya mace. Na ce masa ya ƙarasa bayanin nan na ranar Juma'a. Ya ƙarasa, bai fi numfashi biyu ba.

Abin da na samo a tafiyar nan, ban da dankali: in za ku kai injin gas ƙasar sanyi, ku murɗa rabi, ku jira fitila ta mutu, ku kashe duk abin da ke shan batir, ku bar totur ya huta, kada kuma ku bari a ɗura mata fetur a hanci. Ɗaya abin kuma ya fi wannan nauyi. Shekara guda muna kewaye da mutumin da ya fi mu sanin komai a kan motar nan, muna ba shi ruwa yana neman wani abu daban, don ba mu iya ba shi daƙiƙa goma ba. Da na shiga gida Hajiya ta fara ba ni labarin abin da ya faru a bayana, na zauna na ji har ƙarshe. Ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓin Jos ne.

Yanzu in na rufe shago nakan bi ta Sabon Gari mu zauna a gindin bishiya. Shekaranjiya ya ba ni labarin yadda ya sayi motar, daga la'asar har ana shirin magariba, sau biyu kacal na sa baki. Da ya gama na ce masa gaskiya ni ne na tayar da motar nan a hanyar Pankshin, tunda ƙafata ce a kan kuloci, kuma haka nake gaya wa mutanen Kwari. Ya dube ni ya ce, "Hita." Na gyara zama, na harɗe hannu, ina jiran sauran.

Madam ta leƙo ta taga ta ce, "Alhaji, wannan ta korar ce."